Cire farar wuta daga man dizal: wace hanya ce ta dace da wa?

Wani dattijo mai masana'antar robobi a Sharaɗa ya taɓa ajiye mini gorar ruwa biyu a kan teburinsa, kowacce cike da man dizal, wanda yawancinmu a Kano muke kira man gas, ya ce in gaya masa wanne ne ya fi farar wuta. Ɗaya garai-garai yake kamar man gyaɗa sabon matsa, ɗayan kuwa ya ɗan yi duhu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ido ba ya ganin wannan, hanci ma ba abin dogaro ba ne, sai dai a kai ɗakin gwaji." Ashe abin da ke ransa ya wuce tambayar. Janaretocinsa suna shan mai ba dare ba rana, wani kuma ya zo masa da tayin wata na'ura da aka ce tana tsame farar wuta daga cikin mai, shi ne yake auna ko ya riƙa sayen dizal mai araha yana gyarawa da kansa, ko kuwa ya ci gaba da biyan tsada a kan wanda matata ta riga ta gyara. Ɗansa, wanda ke karatun injiniyan sinadarai a Jami'ar Bayero, yana zaune a gefe da tasa tambayar, domin yana neman batun da zai yi bincikensa na kammala karatu a kai. Amsar uba da ta ɗa ba ɗaya ba ce, kuma dukansu biyu sun bambanta da amsar da za a ba mai matatar mai.

A fara da lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi a bayan ambulan. Ana auna farar wuta, wadda masana ke kira salfa, da kashi a cikin miliyan, a taƙaice ppm. Tanka mai ɗaukar lita 33,000 tana ɗauke da dizal mai nauyin kusan tan 28. Idan man yana da 3,000 ppm, wato iyakar da Najeriya ta daɗe tana amfani da ita, to akwai farar wuta kusan kilo 83 a narke a cikinsa, kuma idan ta ƙone takan haɗu da iskar oksijin nauyinta ya ninka, ta fita ta salansa a matsayin hayaƙi mai shaƙe ƙirji fiye da kilo 160. Wannan tankar dai, idan man 50 ppm ne, abin da ke ciki bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Wani ɓangare na hayaƙin yakan haɗu da danshin da ke cikin inji ya zama ruwan batir, wato asid mai cin ƙarfe, ya gangara cikin baƙin mai ya karya masa ƙarfi, shi ya sa masu ƙera injuna ke umartar a rage tazarar juye idan man da ake sha mai yawan farar wuta ne. Manyan motocin da ake shigowa da su daga Turai kuwa, waɗanda aka ƙera domin man 10 ppm da Turai ta wajabta tun 2009, matatar hayaƙinsu kan toshe cikin ɗan lokaci, bakanike ya cire ta ya jefar, mai mota ya ɗauka an yi masa gyara.

Doka ta motsa, amma a hankali. Bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a 2016 kan ƙazamin man da ake kawowa Afirka ta Yamma, Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa sun hallara a Abuja a watan Disambar shekarar suka amince da 50 ppm. Ƙungiyar ECOWAS ta ɗauki wannan adadi a taron ministocinta na Wagadugu a 2020, dokar man fetur ta PIA ta 2021 ma ta tafi a kansa. Wanda ya bi taƙaddamar da ta ɓarke a watan Yulin 2024 tsakanin matatar Dangote da hukumar NMDPRA mai sa ido kan tacewa da rarraba mai a Najeriya zai tuna cewa a kan wannan adadi aka yi ta musayar yawu.

Duk hanyoyin da za a kwatanta a nan, in ban da ɗaya, suna dogara ne da katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Katalis kamar dillali yake a kasuwar Kantin Kwari: shi ba mai saye ba ne, ba kuma mai sayarwa ba, amma in ba shi a tsakani cinikin da za a gama a minti biyar zai iya kai wa yamma ba a daidaita ba. Bambancinsa da dillalinmu shi ne ba ya karɓar la'ada, yana fitowa daga kowane ciniki yadda ya shiga, sai dai gajiya da datti su taru masa bayan shekaru.

Hanyar da kusan dukkan matatun duniya ke bi ita ce ta iskar haidirojin. Ana cakuɗa dizal da haidirojin, a zafafa su zuwa digiri 300 har 400 a ma'aunin Salshiyas, a tura su cikin wata doguwar tukunyar ƙarfe mai kaurin bango a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 30 zuwa 130. Domin a gane girman abin, tayar tirela da take cike tam matsinta bai wuce ninki takwas ko tara ba. Tukunyar maƙare take da katalis, ƙananan sanduna kamar guntayen taliya, waɗanda aka yi da alumina, wato haɗin alminiyam da oksijin, mai ramuka, har giram ɗaya kan ƙunshi fili mai faɗin murabba'in mita 150 zuwa 300 idan da za a shimfiɗa cikin ramukansa. A kan wannan fili aka shafa ƙarfen molibdenam, aka taimaka masa da kobal ko nikel. Wani abin mamaki shi ne katalis ɗin ba ya aiki sai an fara shayar da shi kansa farar wuta, domin sifarsa mai aiki ita ce ta molibdenam da ya haɗu da salfa, aikin kuma a gefunan ƙananan faya-fayensa ake yinsa, inda kobal ko nikel ke zama. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Henrik Topsøe, da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan tsari a farkon shekarun 1980. Farar wutar da aka cire takan fita a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a kama ta da ruwan sinadarin amin, a kai ta sashen da ke mayar da ita dunƙulen farar wuta mai launin rawaya ta hanyar da Carl Friedrich Claus ya yi wa rajista tun 1883.

A nan ne zaɓin farko yake, tsakanin kobal da nikel, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san cewa farar wutar da ke cikin dizal ba iri ɗaya ba ce. Mafi yawanta tana cikin sinadarai masu sauƙin kai, waɗanda ke sakinta da zarar sun taɓa katalis. Ragowar kuwa tana zaune a tsakiyar wasu ƙwayoyi masu zobe uku da ake kira daibenzotayofin, mafi taurin kai a cikinsu kuma shi ne wanda aka taƙaita sunansa da 4,6-DMDBT, wanda ke da rassa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙwayar zarrar salfa, tamkar dogarai biyu a ƙofar zaure. Sauko da mai daga 3,000 zuwa 500 ppm aiki ne na sallamar masu sauƙin kai. Daga 500 zuwa 50, musamman daga 50 zuwa 10, kusan duk abin da ya rage masu dogarai ne, shi ya sa kowane mataki na ƙarshe ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba.

Kobal da molibdenam suna bin ƙofa ne kai tsaye: su kama salfar su fizge ta, su bar zoben yadda yake. Wannan hanya ba ta cin haidirojin da yawa, tana kuma jure ƙarancin matsi, to amma dogaran nan biyu suna tare mata hanya. Nikel da molibdenam kuwa zagaye suke yi, su fara cika ɗaya daga cikin zobban da haidirojin har ƙwayar ta lanƙwashe, dogaran su kauce daga bakin ƙofa, sannan a cire salfar cikin sauƙi. Nikel ya kuma fi kobal iya kawar da sinadaran naitirojin, waɗanda ke mamaye wuraren aikin katalis su hana salfa samun gurbi, yana kuma gyara saurin kamawar dizal a cikin inji, abin da ake aunawa da lambar siten. Kuɗin wannan alheri haidirojin ne mai yawa da matsi mai ƙarfi. Idan matsin ya yi ƙasa aka ce za a rama da ƙarin zafi, hanyar zagayen takan juya baya, domin a zafi mai tsanani zoben yana sakin haidirojin ɗin da aka ba shi, sai nikel ya rasa fifikonsa. Saboda haka ƙa'idar da injiniyoyi ke bi a aikace ita ce tsohuwar tukunya mai matsin da bai wuce ninki 40 ba, mai tace dizal ɗin da ya fito kai tsaye daga ɗanyen mai, kobal ya fi dacewa da ita. Sabuwar tukunya mai matsin ninki 60 zuwa sama, wadda ake haɗa mata man da ya fito daga sashen fasa mai nauyi, ta nikel ce. Matatu da yawa ma ba sa zaɓen ɗaya, jera su suke yi hawa-hawa a tukunya guda domin kowanne ya yi aikin da ya fi iyawa.

Akwai katalis masu ƙarfi fiye da waɗannan, irin su NEBULA da ya shigo kasuwa a 2001, wanda kusan duka jikinsa ƙarfe ne na nikel da molibdenam da tangistin ba tare da alumina ba, amma tsadarsa da yawan haidirojin da yake sha sun sa ba a cika tukunya da shi sai dai a sa shi a wani hawa. Filatinam da faladiyam kuma farar wuta guba ce a gare su, ba a kai musu mai sai an riga an tsabtace shi a tukunyar farko.

Ɗanyen man Najeriya ya zo mana da rangwame a nan, domin Bonny Light farar wutarsa ba ta kai kashi 0.2 cikin ɗari ba, alhali wasu nau'o'in man yankin Gulf suna kusantar kashi 3. Duk da haka dizal ɗin da aka tsamo daga gare shi ba tare da wannan gyara ba ya ninka 50 ppm sau da yawa, kuma wannan ne tarnaƙin ƙananan matatun da aikinsu bai wuce dafa ɗanyen mai da raba shi ba.

To me ya hana Alhajin Sharaɗa kafa ƙaramar tukunya irin wannan a bayan masana'antarsa? Ba katalis ne matsalar ba, ana sayar da shi a durom. Matsalar haidirojin ce. Babbar matata tana samunsa daga sashen gyaran fetur, ko ta haɗa iskar gas da tururi a wani sashe mai zaman kansa, Kano kuwa sai bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya wadata masana'antu kafin a fara maganar haidirojin mai araha. Bayan haka akwai kwamfiresa, da tukunyar da za ta jure haidirojin mai zafi ba tare da ƙarfenta ya yi rauni ba, da sashen kama iskar nan mai warin ƙwai. Ita wannan iska ba a wasa da ita: idan ta kai kimanin 100 ppm a cikin iska takan kashe jin warin mutum har ya ɗauka ta wuce, idan ta kai ɗaruruwa masu yawa kuma takan kayar da shi nan take. Shi kansa katalis ɗin, bayan 'yan shekaru ana ƙara masa zafi kaɗan-kaɗan domin rama gajiyarsa, dole a sauke shi a ƙone baƙin kabon da ya lulluɓe shi, kuma wanda aka sauke yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama wuta idan ya sha iska. Wannan ba aikin bayan gida ba ne.

Na'urar da aka yi wa Alhaji tayi, da na karanta takardunta, ta hanya ta biyu ce, wato ta oksijin. A nan ba a fizge salfar, ƙara mata ƙwayar oksijin biyu ake yi ta amfani da haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke ciwo da nau'insa marar ƙarfi, tare da katalis irin su asid na fomik ko sinadaran tangistin ko titaniyam. Ƙwayar da aka yi wa haka takan zama salfon, wanda ba ya son zama cikin mai, sai a wanke shi da wani ruwa kamar metanol ko asitonaitiril. Kyan hanyar a bayyane yake: zafin bai kai na tafasar ruwa ba, babu matsi, babu haidirojin, kuma masu dogaran da suka gagari kobal suna miƙa wuya cikin sauƙi a nan, domin salfarsu tana saurin jawo oksijin. Amma a koma kan tankar ɗazu. Kilo 83 na farar wuta yana buƙatar feroksaid zalla kilo 176 a lissafin takarda, wato kusan kilo 590 na mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari, a aikace kuwa sai an zuba fiye da haka saboda wani yana lalacewa kafin ya yi aiki. Sannan hanyar haidirojin salfar kaɗai take cirewa ta mayar da sauran ƙwayar cikin mai, wannan kuwa ƙwayar gaba ɗaya take fitarwa, kuma nauyin ƙwayar ya ninka na salfar kusan sau shida, ga ruwan wankin yana tafiya da wani dizal mai kyau. Mutum zai sayi tanka cike ya tashi da wadda ba ta cika ba, da duromomin dagwalon da ba shi da inda zai kai su, kuma wanda ya san halin da ruwan masana'antu ya jefa kogin Challawa da rafin Jakara ba zai so a ƙara musu wani ba.

Hanya ta uku, wadda ba katalis ba ce a ainihin ma'anarsa, ita ce tsotsewa: a bi da mai ta cikin gawayin da aka buɗe ramukansa, ko ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka, da aka sa wa tagulla ko azurfa, salfar ta maƙale. Mu ƙaddara kowane giram na gawayin zai riƙe miligiram 10 na salfa, wanda kyautata zato ne idan dizal na gaske ake magana, domin sauran sinadarai masu zobe suna rububin gurbi ɗaya da ita. A wannan lissafi tankar 3,000 ppm za ta ci fiye da tan 8 na gawayi. Amma sauko da tanka guda daga 50 zuwa 10 ppm kilo 110 kacal zai ci. Wannan ya nuna matsayin hanyar: ta share ragowa ce bayan haidirojin ya yi babban aiki. Fasahar S Zorb ta nikel da zink, wadda kamfanin Sinopec na ƙasar Sin ya saya a 2007, ta yi nasara a kasuwa, amma a kan fetur, kuma ita ma tana amfani da haidirojin.

Hanya ta huɗu ta ƙwayoyin halitta ce, irin su Rhodococcus, masu cire salfar su bar sauran ƙwayar. Tana da ban sha'awa a ɗakin gwaji, amma jinkirinta da wahalar raba mai da ruwa sun hana ta zama sana'a.

Su kuwa 'yan kwalaben da ake sayarwa a shagunan kayan mota ana cewa a zuba a tanki, wasunsu suna wanke nozul ko su ƙara wa mai santsi, amma babu wanda ke fitar da farar wuta, domin abin da aka zuba a tanki da abin da ke cikinsa duk ta salansa ɗaya za su fita. Batun santsin ma yana da asali. Gyaran haidirojin mai zurfi yana tafiya da wasu sinadarai masu oksijin da naitirojin da ke shafe famfon injekta, kamar yadda aka gani a Suwidin a farkon shekarun 1990 lokacin da famfuna suka riƙa lalacewa bayan an koma mai tsabta. Maganinsa ɗan ƙarin sinadarin santsi ne da matata ke sawa kafin mai ya fita, kuma ma'aunin Turai ya iyakance faɗin tabon da gogayya ke bari a jikin ƙarfe a gwajin santsi a maikuron 460, wato ƙasa da rabin milimita. Mai cewa farar wutar ce ke shafe inji, saboda haka mai yawanta ya fi, ya riƙe rabin labari ne.

Ga ɗan Alhaji, shawarata ita ce ya bar hanyar haidirojin ga wanda ke da tukunyar matsi da tsaron da take buƙata, ya ɗauki ta oksijin ko ta tsotsewa, domin ana yinsu a kan teburi da kayan gilashi, kayan aikinsu kuma suna kusa: ɓawon gyaɗa da ƙwallon goruba domin gawayi, ƙaiƙayin shinkafa da ke jibge a bayan injinan casa domin silika, farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina domin ziyolait. Sharaɗi guda na kafa masa, kada ya tsaya a kan man kwaikwayo da ake haɗawa da sinadari ɗaya a cikin kwalba, inda kowane gawayi kan yi abin a yaba. Ya sayo dizal daga gidan mai, ya ƙara da na 'yan bumburutu, ya gwada a kansu, ya sake amfani da katalis ɗin sau biyar ko fiye domin a ga inda ƙarfinsa ke karyewa, ya kuma rubuta yawan man da ya salwanta a kowane zagaye.

Ga Alhaji kuwa, na ce ya bar na'urar, ya mayar da kuɗinta kan sanin abin da yake saya. Ya rubuta 50 ppm a cikin yarjejeniyarsa da mai kawo masa kaya, ya nemi takardar ingancin kowace tanka, ya kuma ɗebi samfur daga sama da tsakiya da ƙasan kowane ɗaki na tankar a gaban direba kafin a sauke, a rufe kwalba biyu da hatimi, ɗaya ta tafi gwaji ɗaya ta zauna a ofis saboda ranar musu. Gwajin hasken eksire mai lambar ƙa'ida ASTM D4294 ya isa ya tona mai yawan farar wuta, amma idan ana jayayya a kan adadi ƙarami kamar 50 ko 10, na ASTM D5453 ya fi dacewa. Idan dole ta sa ya karɓi man da bai san asalinsa ba, to ya sa shi a tsohon janareta, ya matso da ranar juye, ya yi amfani da baƙin mai mai ƙarfin kashe asid, kada kuma digo ɗaya ya shiga tankin sabbin motocinsa. Gorunan nan biyu ma an kai su gwaji a makon, kuma mai garai-garai ɗin ne ya fito da farar wuta mafi yawa.